Jirgi Duka Namu, Kujera Babu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke cikin kaina, da ranar da na tsaya a bakin ƙofar tarago a ƙasar Jamus, cikin baƙar kwat, ina laluben Turancina ina rasawa. Na daɗe ina ɓoye wannan labari. Amma yanzu da gidana na Gadarif ya cika da 'yan uwan da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani, har ɗakin littattafaina ya zama makwancin mutane, na ga babu sauran wani girma da shiru zai tsare mini.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin wanda ke magana. Mahaifina mai ɗinkin buhunan riɗi ne a kasuwar Gadarif, kuma shi ne ya yi abin da maƙwabta suka daɗe suna zarginsa a kai, wato ya tura ni makarantar 'yan mishan a Khartum. A can wani Fada ɗan Italiya ya koya mana Turanci da lissafi, da gefen rula. Ban fito da addininsu ba, alhamdu lillahi, amma na fito da wani abu da ya kusa zame mini addini: cewa kowane al'amari yana da ƙa'ida, kuma wanda ya san ƙa'ida ba ya roƙon kowa. Da wannan na koyar, da shi na shugabanci makaranta har na ajiye aiki. (Har yau akwai magidanta masu furfura da ke gyara wuyan jallabiya idan sun hango ni a kasuwa. Ina lura da su, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin yana yi mini daɗi.)

Babu wurin da na raina a duniya kamar tashar motocin da ke zuwa garin Doka. A can babu lambar kujera, babu layi. Wani ya jefa rawaninsa ta taga ya ce ya kama wuri, wani ya ɗora buhu. Idan tsohuwa ta zo mota ta cika, sai wani ya ɗaga hannu ya kwarma ihu: "Ya jama'a, hajja ce, ƙafarta ba lafiya!" Sai ka ga wani ya tashi yana gunaguni. Ni a wurina wannan hargitsi ne, kuma na sha gaya wa ɗalibaina cewa a ƙasashen da suka san tsari, ba a samun kujera da ihu.

Shekara guda kafin yaƙi, 'yarmu Nafisa da ke aure a Hamburg ta kusa haihuwar fari, bayan dogon jira. Ɗanmu Usman, injiniya a Munich, ya yi ta fama har ya samo mana biza mu uku: ni, da matata Hajja Rakiya, da ƙanwata Halima, mai sayar da man riɗi a kasuwa, wadda bakinta ba shi da linzami. Hajja tana da ciwon zuciya, ƙafafunta suna kumbura. Likita bai yarda da tafiyar ba sai bisa sharaɗi: kada ta daɗe a tsaye, kuma idan ta zauna a ɗaga mata ƙafafu. Ita kuwa burinta guda ne, ta faɗe shi tun muna Gadarif ta kuma maimaita a jirgin sama: ta zama ita ce ke riƙe da jaririn ranar suna. Saboda wannan rana ta sayi sabon tob, lulluɓin matanmu, ruwan zuma, ta naɗe shi a ƙasan jaka.

Mun sauka a gidan Usman. Ba mu daɗe ba aka yi waya cewa Nafisa ta sauka lafiya, namiji, suna ranar Asabar. Hamburg tana can arewa, mu muna kudu, tafiyar yini ce a jirgin ƙasa. Usman ya zaunar da mu ya yi bayani.

"Yaba," in ji shi (haka 'ya'yanmu ke kiran uba, uwa kuma Yumma), "hanya biyu ce. Ko in saya muku tikiti ɗaya-ɗaya, kowa da jirginsa da lokacinsa da lambar kujerarsa, ko ku ɗauki katin baƙi, wanda ke ba mutum damar hawa kowane jirgi na wasu kwanaki. Ni dai a ganina, saboda Yumma, tikitin ya fi."

Na ce a ba ni ƙa'idodin in duba. Na zauna da fensir na bi su layi-layi, kuma tun ban kai ƙarshe ba zuciyata ta riga ta zaɓa. Kati ɗaya, takarda ɗaya, babu wanda zai ɗaure ni da lokaci. Na kawo hujjoji masu kyau: za mu je mu dawo, wataƙila mu biya wani gari a hanya, kuma idan Hajja ta tashi da nauyin jiki sai mu jinkirta ba tare da asara ba. Duk gaskiya ne. Amma hujjar da ban faɗa ba ita ce babba. Ina yaro, a kan bencin katako na taragon talakawa a jirgin ƙasa nake barin Gadarif zuwa makaranta, tsakanin kaji da ƙullin kaya. Ina so, sau ɗaya kafin in mutu, in riƙe takardar da ke buɗe mini kowane jirgi a ƙasar da ta fi kowa sanin jirgi.

"To ko katin ne, Yaba, kujera daban ake kama ta," in ji Usman. "Gaya mini jirgin da za ku shiga in kama muku uku."

"Usman," na ce, "wanda ya kama hayar ɗaki, ana sake sayar masa da daɓen ɗakin? Takardar ta ce kama kujera ba tilas ba ne, abin da ba tilas ba kuwa almubazzaranci ne. Kuma amfanin katin ai shi ne ban ɗaure kaina da wani jirgi ba. Da safe zan zaɓa."

"Juma'a ce fa, Yaba, ga kuma hutun makarantu."

"Na gama magana."

Ya dubi uwarsa yana neman agaji. Hajja ta yi murmushi ta faɗi abin da ta saba faɗa tun muna sabon aure, duk lokacin da wani ya ja da ni: "Bar shi, ɗana. Abu Usman ya karanta." (Ni ne Abu Usman, wato baban Usman.)

Halima kuwa cewa ta yi: "Ni ko lori ne, a dai ajiye ni kusa da buhuna." Wannan buhu, rabin buhun garin dawar yankin Simsim ne da ta ɗauko don a dama wa mai jego. Na yi faɗa da ita a kansa a gida, na yi a filin jirgi, na sha kaye duka biyun. Kunyarsa nake ji kamar wani ɗan uwa mashayi da ya biyo mu.

Ranar Juma'a Usman yana da aiki, sai yamma zai biyo mu. Ya so ya nemi izini ya raka mu tasha, na hana. Muka shiga jirgin da na zaɓa, fari tas, mai tafiya ba ƙara. A taragon farko muka tarar da kujeru huɗu suna kallon juna, tebur a tsakiya, babu kowa. Na zaunar da Hajja a bakin taga, na ɗora mata ƙafafu a kujerar da ke gabanta, na rataye hulata, na dubi Halima.

"Kin ga ƙasar da ke da tsari? Wa ya yi ihu? Wa ya jefa rawani?"

"Mu dai isa tukuna, Yaya," in ji ta.

Wannan ɗan lokaci, tsakanin Munich da Nuremberg, ina jin shi ne mafi daɗi a dukan tafiyar. Hajja tana kallon gonaki kore shar tana tambaya ko su ma ruwan sama suke jira kamar mu. Ni kuma ina yi mata bayani, ko da yake ban sani ba.

A Nuremberg mutane suka shigo kamar an buɗe dam. Wata mata mai jan gashi, da 'ya'ya uku da jakunkuna, ta tsaya a kanmu. Ta yi magana da Jamusanci, da ta ga ba mu gane ba ta koma Turanci, cikin ladabi: kujerun nata ne. Ta nuna wani ɗan allo mai haske a saman taga, wanda na gani tun farko na ɗauka ado ne. Da ganin baƙi, Hajja ta sauke ƙafafunta ta ja tob ta rufe su, domin ba ta son kowa ya ga kumburin.

Na miƙe. Na ɗaura maɓallin kwat. Na fito da katin daga cikin ledar da na saka shi, na riƙe shi da hannu biyu, na yi wa baiwar Allah nan jawabi cikin Turancin Fada, wanda ban yi tsammanin an taɓa jin irinsa a jirgin nan tun da aka ƙera shi ba. Na bayyana mata cewa wannan takarda ta ba ni da iyalina izinin kowane jirgi a ƙasarta, cewa mun riga ta zama, cewa ni tsohon shugaban makaranta ne kuma ban saba a tashe ni ba. Na yi magana a hankali, da ƙarfi, ina rarrabe kalmomi, yadda nake yi wa ajin da ba ya ganewa. Tarago ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin girmamawa.

Aka kira kumsari, mai duba tikiti. Dattijo ne mai tabarau. Ya karɓi katin, ya duba fasfo, ya ce komai daidai ne, katin yana da kyau ƙwarai. Na juya na dubi matar, na dubi sauran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya. (Wannan kallo, da za a iya sayen abu a mayar da shi, da na sayar da gidana na saye shi.) Sai kumsarin ya ƙarasa maganarsa.

"Katin ya ba ka jirgin, yallaɓai. Bai ba ka kujerar ba. Kujerun nan na matar nan ne."

Ya ce mu nemi inda allon bai haska ba, ko da yake yau jirgin a cike yake. Sannan ya dubi Hajja, wadda ke ƙoƙarin miƙewa tana dafa tebur, ya tambaye ni ko akwai marar lafiya a cikinmu, ko wata matsala da ya kamata ya sani.

A nan ne, mai karatu, ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Amma idanun tarago duka suna kaina, kuma a ganina, faɗin ciwon matata a wannan lokaci daidai yake da miƙa hannu a karɓi sadaka bayan an sha kaye a shari'a. Sai na ce masa: "Babu wata matsala, sai ta rashin tsari." Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Hajja da Halima ba su jin Turanci, ba su san abin da ya tambaya ba.

Muka kwashi kaya. A tarago na gaba muka sami kujeru biyu, a tasha ta gaba masu su suka zo. Muka sake samun ɗaya, ita ma aka karɓe. Daga nan hanya ta toshe da mutane da jakunkuna, ba gaba, sai muka juyo baya, muka ƙare a ɗan sararin nan da ke tsakanin taragu, gaban ƙofar ban ɗaki, bayan ƙofar gilashi ta taragon da muka fara zama. Matasa suna zazzaune a ƙasa kan jakunkunansu, kowa da waya a kunne. Halima ta jefar da buhunta a lungu, ta daddanna shi da tafin hannu.

"Zauna nan, Hajja. Buhun da aka ce abin kunya ne, ga shi ya zama kujera."

Hajja ta zauna, gwiwoyi a sama, ƙafafu a matse a ƙasa, daidai abin da likita ya hana. Duk tashar da aka tsaya, sai ta miƙe don masu fita su wuce, sanyi ya shigo, ta sake zama. Duk wanda zai shiga ban ɗaki sai ya tsallake gefen tob ɗinta. Ni ina tsaye a kanta, ina riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, katin a ɗaya hannun, ban san dalilin da ya hana ni mayar da shi aljihu ba.

"Yaya, wannan ne jirgin da aka ce duka namu ne?" in ji Halima. "Wallahi 'yan girbin da ake kwasa a lori zuwa Fashaga sun fi mu gata. Su aƙalla suna shan iska, mu kuwa ga abin da muke shaƙa."

"Ki yi shiru, mutane suna ji."

"Su ji mana! Ai so nake su ji. Shiga ka gaya musu ba ta da lafiya, wani zai tashi."

"Nan ba tashar Doka ba ce. Ban zo ƙasar mutane yin bara ba."

"To ni zan shiga. Ba sai da Turanci ba, ƙafarta kawai zan nuna musu."

"Halima, na ce ki tsaya inda kike. Ba za ki kunyata mu ba."

Ta tsaya, domin duk da bakinta, ni ne yayanta, kuma haka aka tarbiyyantar da mu. Hajja ta ɗago kai ta ce: "Bar shi, Halima. Ya karanta." Amma muryar ta yi ƙasa sosai, har sai da na sunkuya kafin na ji.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Garuruwa suna wucewa, ni ina ta tsara a zuciyata wasiƙar ƙorafin da zan rubuta wa hukumar jirgin, har na zaɓi kalmar buɗewa. Sai Hajja ta taɓa ƙafar wandona ta ce a cire mata takalmi, yana cizonta. Halima ta durƙusa ta ɗaga tob ɗin. Takalmin ya ƙi fita. Ƙafar ta cika ta haura madaurin, fatar tana ƙyalli, zanen lallen da aka yi mata saboda suna ya baje ya ɓaci. Na dubi fuskarta, leɓɓanta sun koma ruwan toka, tana jan numfashi gajere-gajere.

"Abu Usman," ta ce, "kada ka damu. Ka dai kai ni in riƙe shi."

Ban tuna na yanke shawara ba. Na dai ga ƙofar gilashin ta buɗe, ina tsaye a bakin taragon nan, kuma duk wanda ya ji jawabina ɗazu ya ɗago kai yana kallona. Na buɗe baki in yi Turanci. Babu. Turancin da aka dasa mini da gefen rula, wanda na ci abinci da shi tsawon rayuwata, na neme shi sama da ƙasa ban sami kalma ɗaya ba. Sai na ji hannuna ya tashi sama da kansa, na ji wata murya, babba, mai tsagewa, muryar 'yan tasha, tana fita daga maƙogwarona:

"Ya jama'a! Mara ayyana!"

Wato jama'a, ga mace ba lafiya. Da Larabcin kasuwa, a jirgin Jamus. Sannan na ƙara da Hausa, hawaye suna zuba a kan kwat ɗin: "Matata ce. Don Allah."

Babu wanda ya san kalma ɗaya a cikin abin da na faɗa, kuma babu wanda bai gane ba. Wadda ta fara tashi ita ce mai jan gashin nan da na yi wa lacca. Ta ɗauke 'ya'yanta biyu daga kujerunsu, ta wuce ni ba tare da ta dube ni ba, ita da wasu maza biyu suka tallabo Hajja suka kwantar da ita, suka tara riguna a ƙarƙashin ƙafafunta. Wani ya kawo ruwa, wata ta yanke madaurin takalmin da ɗan almakashi. Duk abin bai ɗauki tsawon jawabina na ɗazu ba. Kumsarin ya zo da sauri, ya yi waya a tanadi masu agaji a Hamburg. Da ya gama ya tsaya kusa da ni, ya faɗi magana ɗaya, a hankali, ba da faɗa ba:

"Ai na tambaye ka, yallaɓai."

Wani saurayi ya ba ni kujerarsa, na kasa karɓa. Na koma lungun ban ɗaki na zauna a kan buhun Halima har muka isa. A Hamburg, mijin Nafisa, wanda ya daɗe yana jin labarin tsananin surukinsa, ya tarbe mu a bakin jirgi. Abin da ya gani shi ne Hajja a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da wani tsoho yana bin ta a baya, bayan kwat ɗinsa da wandonsa fari fat da garin dawa. Halima, tana kuka tana share hanci, ta ce: "Kaɗe bayanka, Ustaz. Ka zama kamar jakin mai injin niƙa."

An yi suna ranar Asabar. Halima ce ta riƙe jaririn. Hajja tana gadon asibiti, robar iska a hanci, ni ina riƙe mata waya tana kallon taron a ciki. Da aka faɗi sunan ta ce masha Allah, ta juya fuska ga bango. Tob ɗin ruwan zuma bai fito daga jaka ba. Bayan 'yan kwanaki aka kawo mata yaron ta riƙe shi, ta yi masa addu'a, ta ce ai duk ɗaya ne. Na san ba ɗaya ba ne, ita ma ta sani. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da za mu koma Munich, Usman ya miƙo mini tikiti uku, kowanne da lambar kujera. Katina yana aljihu da sauran kwanakinsa, ban sake fito da shi ba.

Hajja ta rasu a daminar farko ta yaƙi, lokacin da maganinta ya ɓace daga shagunan Gadarif. Likita ya tabbatar mini cewa tafiyar nan ba ta da hannu a ciki. Wasu ranakun ina yarda da shi.

Kwanan baya na tafi ta'aziyya Doka. Mota ta cika, sai ga wata mata daga cikin waɗanda suka gudo daga Jazira, da tsohon ciki, tana tsaye tana riƙe da ƙofa, kowa ya kau da kai. Na ɗaga sandata na yi ihun da na yi shekaru ina kira hargitsi, har direba ya waiwayo. Mutum biyu suka tashi. Ɗayansu tsohon ɗalibina ne, ya dube ni baki buɗe, ni kuwa na dube shi har ya rufe.

Idan wani ya tambaye ni yau, kati ya fi ko tikiti, amsata ita ce ban sani ba, kowanne da amfaninsa. Sai dai kafin ka zaɓa, ka dubi wanda ya fi kowa rauni a cikin iyalinka ka tambayi kanka a ina zai zauna, kuma idan ɗanka ya ce Juma'a ce, ka bar shi ya ƙarasa. Ni dai yanzu, duk lokacin da na gyara murya zan yi wa baƙin gidan nan bayanin yadda ake jera takalma ko bin layin famfo, Halima takan leƙo daga madafa ta ce musu: "Ku bar shi, ya karanta." Sai in haɗiye sauran bayanin, in nemi wuri a kan tabarma in zauna.